Mai Keke a Bakin Kwalta: Tsohon Haƙƙi a Hanyar Mafara

Ranar Talata, tun kafin rana ta yi zafi, hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tureta da Lambar Bakura ta shiga Talata Mafara takan cika maƙil. Tirela mai ɗauke da siminti ko takin zamani ta kama tsakiya, motocin haya suna bin ta suna neman wucewa, 'yan kabu-kabu na kurɗawa ta ko'ina. Can a bakin kwalta, inda ta fara zaizayewa ta haɗu da jar ƙasa, nan mai keke yake. Ya ɗaure buhun dankali a kariya da igiyar roba, ko damin rake, ko kejin kaji, ya tattare rigarsa ya cusa tsakanin cinyoyi don kada sarƙa ta kama ta. Ba shi da madubi. Da kunne yake sanin abin da ke tafe a bayansa, kuma in manyan motoci biyu suka haɗu daidai inda yake, shi ne mai sauka ƙasa, in ya samu sararin sauka.

In bai samu ba, abin da ke biyo baya sananne ne daga Rini har Janbako: taron jama'a, asibiti ko gidan maɗori, zuwan dattawa, sai "mun yafe". Mutum ya yi wata uku ko huɗu kwance, damina ko noman rani ya wuce shi, keken yana jingine a zaure da ƙafar gaba a lanƙwashe. Da yawa sun ɗauka haka abin yake tun fil azal, wato wanda aka buge ba shi da abin nema sai abin da aka ba shi don Allah. Tarihin ƙasar nan bai ce haka ba. Haƙƙin wanda abin hawa ya taka a rubuce yake cikin littattafan alƙalai tun kafin a ƙera mota, kuma kowane zamani ya zo sai ya sake rubuta shi. Hanyar karɓarsa ce aka bari ta toshe.

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Mafara ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, saboda haka gyaɗa da audugar yammacin Zamfara sai jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, suke kai su bakin tasha. Kuɗin gyaɗar da audugar su suka dawo ƙauye a siffar kayan kanti: atamfa, fitila, kwanon sha, da keke. Wanda ya fi suna shi ne Raleigh ƙirar Ingila, baƙi, mai birkin ƙarfe da murfin sarƙa, wanda daga baya aka kafa masana'antar haɗa shi a Kano. Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya sun biyo baya da sauƙin kuɗi, su ne suka sa keke ya shiga gidan da a da sai dai a gan shi a wuce.

Da farko abin ma'aikatan En'e ne da masu hannu da shuni: malamin haraji, malamin gona, duba-gari, malamin makaranta, dillalin gyaɗa. Manomi sai kaka ta yi kyau sosai yake kai wa gare shi, kuma in ya saya, gari ya sani. Akan bar takardar da aka naɗo jikinsa da ita har ta yage da kanta, a naɗe sauran da leda mai launi, a sa wa sirdi riga mai geza, a ɗaura fitilar da ke samun wuta daga gogar taya. Da dare cikin ɗaki yake kwana. Sana'o'i suka tsiro a gindinsa: mai hayar keke da yara ke kewaye shi da kwabbansu suna jiran layi, da mai faci a inuwar bedi da famfonsa da sholisho da kwanon ruwa, yana nutsa tiyub yana juyawa a hankali har kumfa ta nuna masa inda ƙaya ta shiga.

Hukuma ma ta san da shi. En'e na karɓar kuɗin lasin keke duk shekara, a ba mutum 'yar lambar ƙarfe ya maƙala, ɗan doka ya tare wanda ba shi da ita. Wannan iko bai mutu ba: jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ba da lasin kekuna da amalanke da baro da kwalekwale cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Darajar keke a matsayin dukiya kuwa, shari'o'in Zamfara biyu da duniya ta ji labarinsu sun nuna ta. Mutum na farko da aka yanke wa hannu bayan dawo da shari'a, a babban asibitin Talata Mafara cikin Maris na 2000, satar saniya aka same shi da ita. Na biyu, a 2001, kekuna ne. A ƙauye saniya da keke duk jari ne, da su ake ci da gida.

To, in aka lalata wannan jari, aka karya mai shi, me doka ta ce?

Alƙalan daular Usmaniyya da littattafan Malikiyya suke hukunci, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil. Har gobe ana karanta su a zaurukan malaman Mafara da Bakura. A babin jini da raunuka, Risala ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mutum uku: wanda ke kanta, da wanda ke jan ta, da wanda ke kora ta daga baya. Ba a ce dokin ne ya yi ba, ba a ce tsautsayi ne a tashi ba. Wanda ragama ke hannunsa shi ke da alhaki, ko da bai yi nufi ba.

An kuma ƙayyade adadi. Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ko ido ɗaya, rabin wannan. Yatsa raƙuma 10, haƙori 5, rotsin da ya bayyana ƙashin kai 5, raunin da ya huda ciki ko ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusi. Abin da ba a yanke masa adadi ba, kamar yawancin karaya, alƙali ke ƙiyasta shi gwargwadon naƙasar da ya bari. A nan akwai wata ƙa'ida da ta cancanci a tsaya a kanta: ba a yanke diyyar rauni sai ya warke. Malaman sun san cewa ranar da aka ji ciwo ba a san ƙarshensa ba. Ƙafar da ake zaton za ta miƙe tana iya gajarcewa, gwiwa tana iya ƙin lanƙwasuwa, kuma sai an ga haka za a san abin da mutum ya rasa.

Sun kuma san cewa mutum ɗaya ba ya iya biyan raƙuma 100. Shi ya sa diyyar kuskure, in ta kai sulusi ko ta wuce, ba a kan mai laifin kaɗai take ba, a kan aƙilarsa take, wato danginsa na wajen uba, kowa gwargwadon ƙarfinsa, kuma cikakkiyar diyya cikin shekara uku ake biyan ta. Abin da bai kai sulusi ba shi ke fita daga aljihunsa. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ba magada damar su bar diyyar a matsayin sadaka, amma kaffarar azumin wata biyu a jere tana nan a kan wanda ya yi kisan. Diyya kuma gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci, da rabon matarsa da na 'ya'yansa. Baffa ba shi da ikon yafe rabon maraya.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun bar kotunan alƙalai, sun hana yanke gaɓa, amma ba su taɓa diyya ba. Bayanan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, suna ɗauke da ƙararrakin jini da rauni da aka yanke da diyya. A 1960 kundin Final Kod ya maye gurbin hukuncin laifuka na Malikiyya a Arewa, amma shi ma sashensa na 78 ya ba kotu ikon sa wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta.

Shekarun 1970 su suka sauya hanyar kanta. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikata sauka daga keke suka hau Honda da Suzuki da Vespa, motoci suka yawaita, gudu ya ƙaru. Sannan aka kawo wa ƙasar Maradun da Mafara da Bakura aikin da ba su taɓa ganin irinsa ba: madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Kamfanin Impresit na Italiya ya yi ginin, aka kammala a 1978, bango mai tsawon fiye da kilomita 5, tafki mai cin ruwa mita kubik miliyan 450, da shirin shayar da hekta 23,000. Tifofi da katafiloli suka cika hanyoyin da a da jaki da keke kaɗai ke bi.

Abin da Bakolori ya koya wa mutanen yankin game da neman haƙƙi ya fi wannan nauyi. Tafkin ya cinye fadamu da gidajen dubban magidanta a ƙasar Maradun, aka mayar da su tudu. A ƙasa da madatsar kuma aka karɓe gonaki don a baje su a yanka magudanai, aka sare itatuwa masu amfani, manoma suka yi damina bayan damina ba su shuka ba. An yi alkawarin diyya. Wasu ba a biya su ba, wasu an biya su abin da bai taka kara ya karya ba, wasu sun ga sunayen da ba su da ko kunya ɗaya a jerin masu karɓa. Manoma suka kai kuka, suka je kotu, daga baya suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su wuce 25 ba. Wasu da suka bi diddigin lamarin sun ce sun haura 380. Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman suna cikin masanan da suka rubuta a kansa don kada ya ɓace.

Waɗannan manoma ba roƙo suka fita yi ba, bashinsu suka fita nema, kuma sun san haka. Ba a yi wa tarihin yankin adalci ba in aka ce mutanensa ba su san diyya ba ko ba su damu da ita ba. Sun san ta, sun nema, sun ga abin da ya biyo baya. Yaran da suka ga wannan rana su ne dattawan da yau ake zuwa wurinsu ba da haƙuri.

Shekara goma sha tara bayan haka, ɗan Bakura, Gwamna Ahmad Sani, ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, kundin laifukanta ya fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000, diyya ta dawo cikin dokar jiha da adadinta na asali. Sai dai dinari 1,000 zinariya ce mai nauyin kilo 4.25, wadda a farashin 'yan shekarun nan ta kai ɗaruruwan miliyoyin naira. Babu direban haya da ke da wannan, ko an sayar da motar da gidansa. Dangin da za su taru su biya kuwa sun warwatsu, wani na Legas, wani na Kano, kowa na fama da tukunyarsa. Da adadin ya fi ƙarfin mai biya, aƙila kuma ba ta tsaye, sai magana ta koma zaure.

Ga yadda takan kasance. Direban da ya buge mutum a cikin gari sau da yawa ba ya tsayawa, ba lallai don mugunta ba. Tsoron taron jama'a ke sa ya zarce ofishin 'yan sanda ya kai kansa. Wani kuma in ya zarce shi ke nan, balle da dare. Masu wucewa da 'yan kasuwa su ke ɗaukar wanda ya faɗi, a a-kori-kura ko a tsakiyar mutum biyu kan babur, ƙafar tana reto. Babban asibitin Mafara ne zangon farko. In abin ya yi tsanani sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, kowanne tafiyar kimanin kilomita 100. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, amma hoto da jini da ƙarfen da za a sa a ƙashi duk kuɗi ne, kuma a ranar ake son su.

Shi ya sa iyali da yawa ke ɗauke majinyacinsu su kai wa maɗori. Yana kusa, ya san su, ba ya tsawwalawa. Ya ja ƙafar, ya daidaita ƙashin da yatsunsa, ya jera 'yan sanduna ya ɗaure da tsumma, ya ce a dawo bayan kwana kaza. Karaya da yawa sun haɗe a hannun maɗora, kuma ba daidai ba ne a raina su. Amma in ƙashi ya huda fata, ko ɗaurin ya matse jini, gaɓar na iya ruɓewa har sai an yanke, abin da likitocin ƙashi suka daɗe suna kuka a kai. Akwai kuma wata hasarar da ba a cika lura da ita ba: gidan maɗori ba ya ba da hoton ƙashi, ba ya ba da rasit, ba ya rubuta rahoto, alhali su ne abin da kotu da kamfanin inshora za su fara tambaya.

Kwana biyu ko uku sai ga baƙi: mai motar, shugabannin tashar direban, wani lokaci da liman ko mai unguwa. A shimfiɗa tabarma a zaure, a gaisa, a yi jaje. Babban cikinsu ya dubi uban majinyacin ko wansa.

"Baba, tsautsayi na, ba ganganci ba na. Yaronku na, a yi mai haƙuri."

"Alhaji, ba komi. Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranatai. Mun yahe."

A tura ambulan ƙarƙashin gefen tabarma, a ce ga na magani. Ba mai ƙirgawa a gaban baƙi. A yi fatiha, a ce Allah ya kiyaye gaba, gobe a je ofishin 'yan sanda a janye magana a saki mota.

Wannan zama yana da alherinsa. Ba ya barin gaba tsakanin gidaje, kuɗin na zuwa a lokacin da ake matuƙar buƙatarsu, kuma direban talaka, wanda shi ma ɗan wani ne, ba ya ruɓewa a tsare. Wanda ya taɓa zaryar kotu ya san abin da ake gudu. Amma sau da yawa mai ciwon yana cikin gida, ba a tambaye shi ba, balle matarsa. Abin da ke cikin ambulan an auna shi ne da kuɗin makon farko, ba da daminar da za a rasa ba, ba da ƙafar da wataƙila ba za ta sake taka feda daidai ba. An yafe kafin a warke, akasin abin da Risala ta tsara. In rasuwa ce, akan yafe har da rabon yaran da ba su san ana yi ba. Wanda ya buɗe baki ya ce a yi lissafi kuwa, sai a ce bai yarda da ƙaddara ba, ko yana son cin kuɗin jini. Malaman da suka karantar da imani da ƙaddara su ne dai suka rubuta babin diyya, kuma ba su ga karo tsakanin biyun ba. Yafewa sadaka ce mai lada, amma sadaka sai da abin da mutum ya san nasa ne, yana kuma iya riƙewa in ya so.

Akwai ƙofa ta uku da mafi yawan masu keke ba su san tana nan ba. Tun 1945 aka yi dokar da ta wajabta wa duk mai mota inshorar da za ta biya wanda motarsa ta kashe ko ta raunata, ta fara aiki a 1950. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Keke da buhun da ke kansa dukiya ne. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta binciken takardar a hanya. A 2003 ma dokar inshora ta wancan lokaci ta tanadi asusu don waɗanda motar da ba ta da inshora, ko wadda ba a gane ba, ta kashe ko ta naƙasa.

Matsalar ita ce direbobi da yawa sun ɗauki takardar a matsayin abin nuna wa jami'i a shinge, kuma kamfanonin inshorar da kansu sun daɗe suna kukan yawan ta jabu. Wasu kuma suna ƙyamar inshora saboda addini. Wannan uzuri ya ragu, domin tun 2016 aka ba kamfanonin takaful irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful lasin aiki. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar cewa hatsarin mota yana ƙarƙashin hukuncin jini da raunuka, kuma direba na da lamuni. A zamanta na Dubai a 2005 ta ce inda aƙilar dangi ba ta samuwa, takaful ko ƙungiyar 'yan sana'a ɗaya na iya tsayawa a madadinta. Ga tashoshin mota a kowane gari, ga ƙungiya mai shugabanni, ga kuɗin da ake karɓa a kan kowace mota kullum.

Wasu ƙasashe sun warware wannan ƙulli tuntuni. Faransa ta yi doka a 1985 wadda ta ce mai tafiya a ƙasa ko mai keke da mota ta raunata, inshorar motar za ta biya shi ba tare da an tsaya jayayya kan ƙananan kurakuransa ba. Kundin inshorar da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ya ɗauko wannan ƙa'ida, saboda haka ita ce a rubuce a Maraɗi. Dalilin a fili yake: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma Afirka ce kan gaba in aka auna da yawan jama'a.

Komawa kan keke bayan hatsari kuwa, Najeriya na da sanannen misali. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe, wanda ke kiran jama'a su rungumi keke, yana kan nasa a Abuja a hanyar zuwa aiki wata bas ta ture shi cikin kwata. Bai fasa kiran ba. Amma shi zaɓi ya yi. Manomin 'Yarkofoji ko Gora da ya tashi daga jinya ba zaɓi gare shi ba, gonarsa na nesa, kasuwa na nesa. Yakan fara da tura keken yana dogara shi, sannan ya gwada cikin gari, sannan hanyoyin gefen magudanan Bakolori inda tirela ba ta bi. Ranar da ya fara komawa kwalta, da ya ji ƙarar babbar mota sai ya sauka ya tsaya har ta wuce, zuciya na bugawa. Wasu sukan yi shekaru a haka. Wasu sukan miƙa wa ɗa keken, su koma zaman gida da sauran ƙarfinsu.

Kuma masu keken ƙaruwa suke yi. A Satumbar 2021, bayan sace ɗalibai a Jangebe da Bakura da Kaya cikin shekara guda, gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura, aka katse layukan waya. Daga 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da ɗaliban kwalejin Abdu Gusau da yawa suka jingine babur suka nemi mai faci. Rashin tsaro ya ƙara wani abu: 'yan hanyoyin daji da mai keke ke yankewa don kauce wa motoci sun zama abin tsoro, dole ya dawo babban titi. Yanzu da ake aikin tagwaita hanyar Zariya zuwa Sakkwato, gudu zai ƙaru, kuma faɗin da aka bari a gefe shi zai raba mai keke da tayar tirela.

Wanda aka buge, ko ɗan'uwansa, abin da zai riƙe ba shi da yawa: lambar motar, sunan wanda ya gani, rahoton 'yan sanda ko na hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988 kuma ake kiranta a lamba 122, hoton ƙashi ko da daga baya gidan maɗori za a je, da kowane rasit. Ya karɓi kuɗin magani, ya yi godiya, ya ce sauran magana sai an ga yadda ƙafa ta yi. Wannan ba rashin tawakkali ba ne, kuma ya kamata liman da mai unguwa su riƙa faɗin haka da bakinsu a zauren, domin daga bakinsu ne zai fi sauƙin karɓuwa.

Sauran aikin na masu iko ne, kuma garuruwan nan uku ba su rasa su ba. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24 'ya'yansu ne ke mulkin Zamfara: Ahmad Sani na Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Majalisar dokokin da ta rubuta adadin diyya a 2000 tana da ikon zama da ƙungiyar direbobi da masu takaful da hukumar zakka ta jiha, ta rubuta wanda zai biya shi, da yadda za a tara kuɗin, da ofishin da mai karyayyar ƙafa zai tura ɗansa a Mafara ba sai ya je Gusau ba.